Yadda ake kwashe ƙudan zuma daga silin, bango da kogon bishiya a Legas

A Legas ƙudan zuma sun fi tarewa tsakanin silin da kwano, cikin ramukan bulo mai inci 9, bayan katakon da ke rufe bakin rufi, ɗakin janareta da aka daina shiga, ƙarƙashin tankin ruwa, da kogon tsohon mangwaro ko darbejiya. Wuri suke so mai duhu, wanda ruwan sama ba ya taɓawa, mai ƙaramar ƙofa da za su iya tsarewa. Irin da muke da shi a Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, yana da saurin fushi, kuma idan aka taɓa gidansa yakan bi mutum da dabba har nesa. Shi ya sa dabarar da aka saba da ita a ƙauye, a hau kuka cikin dare da damin ciyawa mai wuta, ba ta da wurin zama a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, inda ɗaki ke manne da ɗaki, wayar lantarki ta ratsa silin, ga tukunyar gas a ƙasa, ga jarkar fetur a bayan ƙofa.

Feshin magani ma ba ya kashe maganar. Fiya-fiya ko Sniper zai kashe na bakin ƙofa, saura su kutsa ciki, gari ya waye su fito a fusace. Ko da duk sun mutu, saƙa tana nan cike da zuma da tsutsa. Ƙudan ne ke fifita da fikafikansu suna riƙe ɗumin gidan a kusan digiri 35. Da zarar babu su, zafin kwano zai sassauta kakin, saƙa ta faɗo, zuma ta tsiyayo ta silin. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin amya su zuba ƙwai, cikin 'yan kwanaki tsutsarsu ta mayar da zumar ruɓaɓɓen ruwa mai wari, sai tururuwa da kyankyaso da ɓera su biyo baya. Ƙanshin kakin kuma ya ci gaba da kiran wani ayarin. Ga haɗarin maganin kansa a ɗakin da yara ke kwana. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Don haka aikin abu uku ne a haɗe: a fitar da ƙudan da sarauniyarsu, a kankare saƙa ƙarƙaf, a toshe ramin yadda ba mai sake shiga.

Gane abin da ke gabanka

Tsaya daga nesa da rana ka duba. Rina tana da siririn ƙugu da gida mai kama da takarda a fili, zanzaro kuma da laka yake gini. Aikinsu daban ne. Idan ƙudan zuma ne, ko dai ayari ne mai wucewa ko masu gida.

Ayari shi ne curin ƙuda da za ka gani rataye a reshe, a jikin katanga ko ƙarƙashin rumfa, babu saƙa. Sun rabu da tsohon gida, cikinsu cike da zuma, suna jiran 'yan leƙensu su samo musu wuri. Daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 2 ko 3 sukan tashi da kansu, kuma ba su cika harbi ba idan ba a jefe su ba. Masu gida kuwa za ka ga suna shiga da fita ta rami ɗaya ba yankewa. Idan masu dawowa suna ɗauke da garin fure a ƙafafun baya, akwai 'ya'ya a ciki. Idan bakin ramin ya yi baƙi yana ƙyalli, sun daɗe, ka sa ran saƙa mai yawa.

Ƙofar shiga ba ita ce wurin saƙa ba. Sau da yawa akwai tazarar mita 1 ko 2. Da sassafe, kafin rana ta dumama gini, shafa tafin hannu a silin ko bangon daga ciki. Inda 'ya'ya suke ya fi ko'ina ɗumi. Kara kofin gilashi a wurin ka sa kunne, za ka ji guna. Don tabbatarwa, huda ƙaramin rami ka zura siririyar waya: idan ta fito da danƙon kaki ko zuma, ka isa. Toshe hudar nan take, ka sa alama da alli, ka ci gaba har ka gano iyakar saƙar ta kowane ɓangare. Mutane kan yi ganganci da wannan matakin, shi ya sa ake fasa rabin silin a banza.

Mutane kafin ƙuda

A gari mai cunkoso irin Legas, wannan ne rabin aikin. Idan gidan haya ne, sai da izinin mai gida ko wakilinsa, kuma a yi magana tun farko a gaban shaida: wa zai biya kafinta ko magini, wa zai ɗauki zumar. A sanar da maƙwabta kwana ɗaya kafin aiki, gida-gida, har da na bayan katanga. Idan layin matsattse ne a gaya wa Baale, wato mai unguwa a wurin Yarbawa, ko shugaban ƙungiyar unguwa. Idan silin masallaci ne, liman ya sanar, a kuma kauce wa Juma'a da lokacin da 'yan Islamiyya ke tashi.

Dabbobin da ke ɗaure su ne suka fi mutuwa, domin ba su iya gudu. Rago a turke, akuya, kare a sarƙa, kaji a keji, duk a kwashe su zuwa ɗaki rufaffe ko a fitar da su daga layin. Wanda gidansa ke kusa da kara, irin na Oko-Oba, kada ya fara komai sai ya yi magana da masu dabbobin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da magariba. A Legas rana kan faɗi kusan 6:30 zuwa 7:00 duk shekara. A kafa tsani, a jera kaya, a shirya komai da la'asar, a buɗe idan haske ya fara dusashewa. Dalili shi ne yawancin masu kiwo, wato ƙudan da ke fita neman abinci, sun dawo gida, kuma duhu zai hana fusatattun bazuwa cikin unguwa. Kafin safiya sun huce. Wasu sun fi son asuba saboda saƙa ta fi ƙarfi da sanyin safiya, amma hakan na nufin unguwa za ta wuni da ƙudan da aka tsokana, kuma a gidan da jama'a suka yi yawa ba mu ga hikimar hakan ba. Cikin duhu ƙudan zuma rarrafe suke yi, su hau ƙafa su shiga wando, kuma suna bin haske. A kashe ƙwayayen lantarki na waje, maƙwabta su rufe taga, a kashe janareta domin girgizarsa da hayaƙinsa suna tayar musu da hankali. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a taɓa silin. Idan wayar titi ta wuce kusa da wurin, a tuntuɓi kamfanin da ke ba unguwar wuta, kada a jingina tsanin ƙarfe a can. Ranar da hadari ya haɗu a ɗage aikin, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi.

Mutum 3 ake buƙata: mai yanka, mai karɓa yana ba da hayaƙi, da na ƙasa mai tsare hanya da waya a hannu. Wanda ya taɓa suma ko shaƙewa saboda harbi ba ya cikin ukun nan.

Kayan aiki

Rigar zuma mai haɗe da hular raga, fara ko mai haske, domin baƙin kaya da mai gashi-gashi sun fi jan harbi. Idan babu ta kanti, tela zai ɗinka da yadi mai kauri, a sa hula mai faɗin baki a lulluɓa da baƙar raga yadda ba za ta taɓa fuska ba. Safar hannu ta roba mai kauri, takalmin roba mai tsayi, da salatif mai faɗi a naɗe wuyan hannu da idon ƙafa. Ba turare, ba man shafawa mai ƙanshi.

Gwangwanin hayaƙi mai zugazugi. A cika shi da ɓawon kwakwa, totuwar masara, busasshen kashin shanu ko tsohon buhun algarara, a rufa da ɗanyen ganye a sama don hayaƙin ya fito fari mai sanyi. Busa a bayan hannunka: idan ya ƙona ka, zai ƙona fikafikansu. Ba leda, ba tsumman mai. Tocila da aka lulluɓe da jar leda, domin ƙudan zuma ba su ganin jan haske. Doguwar wuƙa, ƙarfen kankare fenti, ƙarfen cire ƙusa, zarto, buroshi mai laushi ko fiffiken kaza, tamfol, soso ko tsumma na toshe kafa, bokitin ruwan wanke hannu, da bokitai 3 masu murfi: ɗaya na saƙar zuma mai tsabta, ɗaya na mai datti, ɗaya na busasshiyar saƙa. Sai ɗan kejin sarauniya. Kwalin ashana da aka huda ƙanana ma yana yi.

Na ƙarshe shi ne akwatin da za su koma. Ko mai firam, wato katako mai kusurwa huɗu da saƙa ke zama a cikinsa, ko mai sandunan sama da saƙa ke rataya a jikinsu. Idan na sanduna ne, kafinta ya yi faɗin kowace sanda milimita 32, shi ne awon da ya dace da ƙudanmu. Idan ya kauce, za su gina saƙa a gicciye. A tanadi robar ɗaure kuɗi don firam, ko tsagin atamfa mai faɗin yatsa 2 don sanduna. Murfin tafiya ya zama na ragar waya.

Ayarin da ke rataye

Wannan mai sauƙi ne. Shimfiɗa farin zani a ƙasa, ka fesa wa curin ruwan sukari kaɗan, ka tara akwati a ƙarƙashinsa, ka girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya. Idan a bango suke, share su ciki da buroshi daga ƙasa zuwa sama. Ajiye akwatin a kan zanin, ka bar 'yar ƙofa. Idan ka ga wasu a bakin ƙofa sun ɗaga gindi suna fifita, saura na tururuwa ciki, sarauniya ta shiga. Idan cikin minti 20 suka koma reshen, tana can, sake girgizawa. Da duhu ya yi ka rufe ka ɗauka. Hayaƙi ba shi da amfani sosai a nan, yakan ma tashe su.

Buɗe silin

Fitar da kayan ɗakin ko a lulluɓe su, a shimfiɗa tamfol, a rufe ƙofar da ke shiga sauran gidan a toshe ƙarƙashinta da jiƙaƙƙen tsumma, a bar taga ɗaya ta waje a buɗe. Dandamali irin na magina ya fi tsani, domin hannu biyu za ka yi aiki da su, kuma zuma na sa matakala santsi.

Busa hayaƙi sau 4 ko 5 a ƙofarsu ta waje, ka jira minti 2. Hayaƙi yana rufe warin gargaɗin da masu gadi ke saki, yana kuma sa su dukufa shan zuma. Kada ka cika shi. Hayaƙi mai yawa shi ke kora sarauniya can cikin lungun rufi inda hannu ba ya kaiwa.

Silin roba ana zare shi falle-falle. Na filawud a cire ƙusoshi a hankali. Na POP a yanka murabba'i da zarto, a riƙe shi kada ya faɗo da saƙa a kai. Tsofaffin gidajen Legas da yawa silin asbesto gare su, kuma ƙurarsa na lalata huhu: kada a yanka shi da inji, a jiƙa shi, a sa takunkumi, a cire fallen ɗungurungum daga ƙusa. A kowane hali yanka kaɗan kaɗan, kada zarto ya nutse ya tsaga saƙa. Ta sama ma ana iya shiga, a ɗaga fallen kwano, amma saƙa sau da yawa tana manne da katakon da ke ƙarƙashinsa, sai a lura.

Da ka buɗe, kafin ka yanka komai, haska ka toshe duk wata kafa da ke wucewa zuwa wasu ɗakuna ko cikin bulo. Wannan minti 5 ɗin shi ke hana sarauniya ɓacewa.

Saƙa jere take falle-falle. Na gefe galibi zuma ce ko busasshiya, 'ya'ya suna tsakiya. A kan falle ɗaya ma zuma na sama, garin fure na biye, 'ya'ya na ƙasa. Zumar da ta nuna tana da farin rufi ko mai ruwan zinare, rufin 'ya'ya kuwa ruwan ƙasa ne. Fara daga fallen gefe. Ɗan busa hayaƙi ƙudan su matsa, tallafe fallen da tafin hannu, yanka daga inda ya manne a sama, sauke shi, share ƙudan cikin akwati, jefa shi a bokiti a rufe. Sabuwar farar saƙa tana da taushi ƙwarai, a yanka ta ƙanana. Rufe bokiti kowane lokaci wajibi ne. Buɗaɗɗiyar zuma ita ke kiran ƙudan wasu wurare washegari.

Idan ka iso saƙar 'ya'ya, rage sauri. Duba fuska biyu na kowane falle da jan haske kafin ka share. Sarauniya ta fi saura tsawon ciki, fikafikanta ba su rufe shi ba, kuma tamu mai gudu ce, ba ta tsayawa. Idan ka gan ta, kama ta a fiffike ko ƙirji, ko ka tura ta cikin keji da yatsa. Kada ka matsa cikinta. Rataya kejin tsakanin saƙar 'ya'ya a cikin akwati.

Kwantar da fallen 'ya'ya a kan katako, yanke zumar da ke samansa, daidaita shi da girman firam, ka ɗaure da roba 3 ko 4. A sandar sama kuwa, rataya shi da tsagin atamfa 2 yadda bakinsa zai taɓa sandar. Sama ya zauna a sama, domin ramukan saƙa suna ɗan kallon sama ne, idan aka kifa su ƙudan ba za su yi amfani da su yadda ya kamata ba. Jera su yadda ka same su. Falle 4 zuwa 6 masu kyau sun isa, ka tabbata akwai mai ƙwai, waɗanda za ka gani farare sirara a tsaye a gindin rami. Saƙar maza, mai manyan ramuka da rufi mai tudu, ba ta da amfani a nan. Kada ka ɗaura saƙar zuma a akwati ko kaɗan: nauyinta zai tsinke ta a hanya, ƙuda su nutse, ƙwarin amya su samu abin da suke so. Ita ce babbar hanyar da ake asarar gidan da aka sha wahalar cirowa.

Bayan saƙa ta ƙare, ragowar ƙudan za su taru curi a wani lungu. Ɗebo su da kwano ko kwali ka zazzage a akwati. Idan ba ka ga sarauniya ba, tana cikin irin wannan curin, don haka ɗebo a hankali. Wasu na amfani da injin zuƙa da aka rage wa ƙarfi, yana tara su a bokiti mai raga. Idan ka ji suna bugun bokitin kamar tsakuwa, ƙarfin ya yi yawa, kashe su yake yi. Ajiye akwatin kusa da tsohon wurin na sa'a 1, saura za su bi warin 'yan'uwansu.

Idan cikin bulo suke

Ramukan bulo sukan haɗu daga sama zuwa ƙasa, saƙa ta bi su siririya, doguwa, layi da yawa. Gano inda waya da bututun ruwa suka bi. Yanka fuskar bulon kaɗai da giranda, layi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasan saƙar zuwa sama don kada zuma ta zubo kan inda ba ka buɗe ba. Dukan guduma yana haukata su fiye da ƙarar giranda, a rage shi. Ba a taɓa ginshiƙi ko linta. Idan saƙar tana bayan wurin da ba ya fasuwa, sai mazurari.

Kogon bishiya da dabarar mazurari

Idan kogon yana sama can, ƙudan suna tashi sama da kawunan mutane, ba su taɓa kowa ba, barin su ya fi. Su ne ke barbarar furen mangwaro da kashu da lemon unguwar. Idan dole a cire, ka sani sare bishiya a Legas sai da izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, kuma kayar da bishiya mai ƙudan zuma a tsakiyar gidaje ganganci ne.

Mazurari hanya ce ta fita ba dawowa. Samo ragar waya mai ido kusan milimita 3, naɗe ta ta zama mazurari mai tsawon santimita 30 zuwa 45, gindinsa santimita 10 zuwa 15, bakinsa milimita 8 zuwa 10. Kafa gindin a kan filawud mai rami, ka manna filawud ɗin a bakin kogon da dare, bakin mazurarin yana ɗan kallon sama. Toshe duk wata kafa da raga da laka ko siminti kaɗan. Idan soso kaɗai aka sa, za su cinye shi. Ɗaure akwati a kan dandamali, ƙofarsa dab da gindin mazurarin, ka sa masa falle ɗaya mai ƙwai da 'ya'ya daga wata amya. Masu kiwo za su fita ta baki, su dawo suna neman hanya a gindi inda warin gida yake, su rasa, su shiga akwatin, su raini sabuwar sarauniya daga ƙwan da ka ba su.

Aikin yana cin mako 5 zuwa 8, domin ƙwai yana ɗaukar kwana 19 zuwa 21 kafin ya zama ma'aikaciya, kuma sai duk na ciki sun ƙyanƙyashe sun fito. Tsohuwar sarauniya galibi ba ta fitowa, ko kuma ta gudu da ragowar jama'arta idan abinci ya yanke. A makon farko a duba kullum. Abu biyu ke ɓata shi: sun gano wata kafa, ko gawar ƙuda ta toshe bakin mazurari. Kwana 2 ko 3 na farko dubban ƙuda za su yi ta shawagi a ruɗe, saboda haka dabarar ba ta dace da bakin makaranta ko kasuwa ba. Idan an yi mako guda ba mai fitowa, cire mazurarin, ka bar na akwatin su kwashe zumar da ta rage na 'yan kwanaki, sannan ka rufe kogon da ragar ƙarfe mai ƙarfi. Kada a cika kogon bishiya da kankare, yana riƙe danshi ya ƙara ruɓar da ita.

Akwai lokacin da ceton ƙudan ba ya yiwuwa, misali ayari ya sauka a ƙofar asibiti ya fara harbi. Kofi 1 na sabulun ruwa a lita 4 na ruwa, a fesa har su jiƙe, yana kashe su nan take ba tare da guba ba. A kan curin da ke fili kaɗai yake aiki. Fetur da kananzir ba su cikin lissafi.

Toshe wurin

Kankare katako da kwano har ba sauran kaki. Wanke da ruwan zafi da sabulu, a bi da ruwan bilic, a bari ya bushe, a shafa fenti mai mai don rufe ƙanshin. Ramin bulo a cika shi da kwaɓin siminti. A silin, rufe tsohuwar ƙofar da ragar waya da siminti, sannan a zagaya rufin gaba ɗaya: duk kafar da fensir zai shiga, ƙudan zuma za ta shiga. Duba musamman inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ya ratsa bango, da inda kwano ya haɗu da bulo. Ragowar ƙudan da suka kwana a waje za su yi ta zagaya wurin na 'yan kwanaki, sannan su watse. A gaya wa masu gida tun da wuri kada su ce aikin bai yi ba. Idan an riga an fesa magani kafin a kira ka, duk da haka sai an cire saƙar, a ɗaure ta a leda a binne, ba mai ci, ba mai ba dabba.

Kai su sabon wuri

Cikin daren a tafi. Zafi ne ke kashe ƙudan da ke rufe, kuma awa 2 a cunkoson rana ya isa ya narkar da saƙa a kansu. Toshe ƙofar akwati da raga, ɗaure shi da igiya, a ɗora a bayan a-kori-kura, saƙar ta bi tsawon mota don kada birki ya haɗa falle da falle. Ba cikin motar haya ba, ba cikin but ɗin mota ba. A yayyafa ruwa kaɗan a kan ragar, direba ya ajiye hular raga kusa da shi. Sabon wurin ya kai aƙalla kilomita 5 daga tsohon, in ba haka ba masu kiwo za su koma. Gonakin wajen Epe, Ikorodu da Badagry sun fi dacewa, da yardar mai gona, nesa da hanya da turken dabbobi.

Ɗora akwatin a inuwa, kan teburi mai tsayin gwiwa ko fiye, ƙafafunsa cikin gwangwanayen baƙin mai saboda kwarkwasa da tururuwa. Ajiye ruwa kusa da tsakuwa a ciki. Ba su ruwan sukari, kofi 1 na sukari a kofi 1 na ruwa, a cikin akwati ba a waje ba. Rage ƙofar ta zama faɗin yatsa 2. Ƙudanmu suna da saurin yin ƙaura idan an dame su, kuma abin da ke riƙe su shi ne 'ya'ya da sarauniyar da ke keji. A kwana na 3 da yamma ka sake ta. Bayan mako guda ka duba: idan sun manne saƙa sun fara fitar da robar waje, kuma akwai sababbin ƙwai, sun zauna. Idan babu sarauniya za ka ga dogayen ɗakuna masu kama da kwanson gyaɗa a jikin saƙa. Kada ka fasa su, sabuwa ce ke ciki. Daga ƙwai zuwa fitowarta kwana 14 zuwa 16 ne, kuma a ba ta kusan wata guda kafin a ga ƙwanta.

Harbi da zumar da aka samu

Ba a shan zuma sai an sha harbi, amma akwai harbin da ba na haƙuri ba ne. Kankare ƙarin da farce nan take, domin yana ci gaba da tura dafi, ka busa hayaƙi a wurin don rufe warin da ke kiran saura. Ƙanƙara tana rage kumburi. Maganin ƙaiƙayi irin Piriton yana sa barci, wanda ya sha kada ya koma kan dandamali. Idan suka taso wa mutum, ya rufe fuska ya ruga zuwa ɗaki ko mota ya rufe. Kada ya tsaya kaɗe-kaɗe, kada ya faɗa ruwa, za su jira shi a sama.

Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri, ko ƙuraje a duk jiki cikin 'yan mintuna, wannan na asibiti ne ba jira. A kira 112 ko 767, ko a garzaya asibiti mafi kusa, domin allurar adirinalin ce maganinsa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, idan numfashi ne matsalar a zaunar da shi. Wanda ya sha harbi da yawa, 50 ko fiye, ko yaro ko tsoho ko da bai kai haka ba, a kai shi ko ya ce lafiyarsa ƙalau. Dafi mai yawa yana taɓa ƙoda, kuma fitsari mai duhu bayan kwana 1 ko 2 alama ce.

Zumar da za a sha ita ce mai rufi, daga wurin da ba a taɓa fesa magani ba, ba ƙurar asbesto, ba kashin ɓera, ba katakon da aka shafa wa maganin gara. A marmasa saƙar a daren, a tace da ƙyalle mai tsabta cikin ɗaki rufaffe, a zuba a kwalba mai murfi. Iskar Legas tana da danshi, zuma kuma tana zuƙar ruwa daga iska. Idan aka bar ta a buɗe za ta yi tsami ta yi kumfa. Wadda ba ta da rufi ba ta nuna ba, a ware ta a shanye cikin 'yan kwanaki. Kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba. Kakin a narka shi a tsohuwar tukunya da ruwa a kan wuta marar ƙarfi, yana narkewa a kusan digiri 63, a tace, a bari ya daskare. Shafa shi a sandunan sabon akwati, a rataya akwatin a gona a matsayin tarkon ayari.